Shekarar da Na Cire Bujin Injin Surukina

Ku ƴaƴana, na san labarin da ke yawo a gidan nan da zarar na ba da baya. Wai ni, Sani ɗan Damagaram, na laɓaɓa na sace bujin injin ban ruwan kakanku, na ɓoye shi cikin hula, na bar tsoho yana jan igiya har kafaɗarsa ta goce. Na ji an ƙara da cewa na gudu na haye bishiya. Ku dube ni da kyau: wace bishiya ce a duk bakin kogin Komadugu za ta ɗauki wannan tumbi? Bujin dai, ɗan ƙarfen nan mai ba da wuta wanda in babu shi inji ba ya tashi, na cire shi, wannan gaskiya ne. Amma da rana tsaka na cire, a gaban idonsa, bayan na yi sallama na durƙusa. Da kuma za a mayar da ni wannan shekara, zan sake cirewa.

Ni ba manomi aka haife ni ba. A kanti na buɗe ido, tsakanin buhun sukari da kwalin shayi, a kasuwar Diffa inda mahaifina ya kafa bayan ya baro Damagaram. Har na yi aure ban san bambancin ganyen tattasai da na gauta ba; in dai kore ne, a wurina miya ne. Uwarku Falmata ce ta jawo ni bakin kogi. Ubanta, Baa Kyari, Babarbare ne na wani ƙauyen bakin ruwa ta wajen Tumur, kuma tattasai ne sarautarsa. Yana da wani iri da ya gada wurin ubansa, mai kaurin tsoka, wanda in ya bushe jansa ke shiga duhu-duhu. Ƙamshinsa kuwa, in aka daka shi a Tumur sai mutanen Maine-Sorowa su yi atishawa. Bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Kowace shekara shi da hannunsa yake zaɓen ƴaƴan da za a ajiye, ya cika ɗan gora, ya toshe da tsumma. Ni da shi kwano ɗaya muke ci. Yana dariyar Barbarcina, ina dariyar Hausarsa, surukuta dai tana nan amma mun sassauta mata ɗamara.

Da fitinar ƴan bindigar daji ta 2015 ta tashe su, sai ga shi a kan amalanke, bai ɗauko komai na kirki ba sai injin da goran irin. Suka zauna a sansanin Asaga tare da sauran waɗanda aka taso. Shekarar farko ba wanda ya yi maganar shuka, rai ake nema. A ta biyu aka ara masa wani fili kusa da reshen kogi, laka ce baƙa mai riƙe ruwa kamar mai rowa, sai gefe ɗaya da ke da rairayi. Ya zazzage goran kaf a wurin renon iri. Irin tattasai ba ya son jira. Abin da ya tsiro bai kai rabi ba. Muka dasa su a fangali, ƙananan filayen nan da ake kewayewa da kunya don su tare ruwa. Goran ya koma fanko. Ma'ana, in waɗannan tsirrai ba su kai ga yin ja ba, irin gidan Baa Kyari ya ƙare a duniya.

Ga kuma matsalar mai. A wancan lokaci an taƙaita sayar da esansi, wato fetur, don kada ya faɗa hannun mutanen daji, sai da izini ake ba manomi, kuma ɗan kaɗan. Ni nake bin layi in samo, don tsoho ba ya iya tsayuwar. Abin da aka ba mu shi ne zai kai mu har tattasai ya nuna, babu ƙari. Da damina ta ɗauke, zafin bayanta ya sauko, irin zafin da ƙadangare ke neman aron takalmi, sai tattasai ya fara halinsa. Rana na kaiwa tsaka, ganye ya langwaɓe, duk gona ta sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Baa Kyari kuwa abin da ya sani tun yana saurayi ke nan: ganye ya sunkuya, a tada inji. A tsohuwar gonarsa ƙasa mai shanye ruwa ce, man inji kuma a yalwace kamar ruwan kogi, ba wanda ya taɓa cewa don me. Nan ma haka ya ci gaba. Ni ban san tsiro ba, amma na san nauyin bidon, jarkar da muke ajiye man. Duk ranar da na ɗaga shi sai in ji ya ƙara sauƙi, gabana ya ƙara nauyi. Tattasai ko fure bai gama ba.

Ana haka yayarku Yagana ta dawo daga jami'a, inda take karatun noma, aka turo ta aikin gwaji a gonakin nan kusa. Ta biyo ni Asaga da rana, ta tarar da kakanta yana shirin jan igiya. Ta tsugunna ta cusa yatsa cikin fangali, ta zaro shi da laka jagab.

"Kaka, waɗannan ba ƙishirwa suke ji ba," in ji ta. "Ƙafarsu cikin ruwa take."

"Amaryata," in ji shi, don haka yake tsokanarta tun tana rarrafe, "na aike ki birni ki koyo miya, kin dawo kina koya wa mijinki ban ruwa? Dubi kansu. Mai ƙoshi ba ya sunkuyawa haka."

"Kai ma da azahar sunkuyawa kake yi a gindin bagaruwa. Sai mu kwara maka bokiti?"

Ya yi dariya har da tari, ya ja igiya, inji ya tashi. Ita kuma ta ƙaro laifi: ta tsinke ɗan reshe guda ta soke a mayafi. Ya ce ta yanka masa ɗa, sadakinta ya ragu.

A gida ta karɓi jar kalar nan da uwarku ke sa wa ƙanƙarar sayarwa, ta dama a kofi, ta tsoma gindin reshen, ta ajiye a tsakar gida. Muka ci abinci, na ɗan kishingiɗa. Da na tashi ta ɗaga mini ganye ɗaya saitin rana, ta miƙo mini wani ɗan madubi mai ƙara girman abu. Wallahi na kusa zubar da shayina. Jan ya hau da kansa, ya bi babbar jijiyar tsakiya, ya rabu zuwa ƙanana, ƙananan suka sake rabuwa, har suka zama raga mai ƙananan idanu fiye da ta masuntan tafki. Garin Diffa kaf ba shi da lunguna kamar wannan ganye guda.

"To wa ya turo shi sama?" na tambaye ta. "Ina injin?"

"Babu mai turowa, Baba. Jawowa ake yi daga sama."

Ta yi mini bayani yadda ɗan kasuwa zai gane. A jikin ganye, musamman bayansa, akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke shigar da iskar da yake haɗa abincinsa da ita. Amma duk lokacin da ya buɗe, ruwan jikinsa na fita. Na ce wannan ai firijin kantina ne: in ban buɗe ba babu ciniki, in na buɗe sanyi ya gudu. Ta ce sak. Ruwan da ya fita kuma yana jan na bayansa, na bayan yana jan na bayansa, zare guda ba yankewa, daga bakin ganye har ƙarshen saiwa, cikin wasu tiyo da suka fi gashi siriri. Da tsakar rana, rana na jan fiye da abin da tiyon zai iya ɗaukowa. Sai tsiro ya rufe ƙofofinsa, ya saki ganye ya kauce wa rana, ya jira. Ko Komadugu ka juye masa a gindi, tiyon ba zai ƙara faɗi ba. Abin da kawai za ka yi shi ne ka toshe wa saiwa numfashi cikin laka, ka ƙone mai.

Ni da ba na barin magana ta wuce ba gardama, na nuna mata geron da ke bayan danga na ce wannan fa, ya ba ya sunkuyawa haka? Nan ta buɗe mini wani labari da har yau nake ba abokan shayi, ina ƙara masa gishiri. Ta ce tsirran farko da suka hau tudu, tun babu mutum babu akuya, ba su da jijiya ko ɗaya, irin koren abin nan ne da ke manne a gindin randa. Shi ya sa har yau danginsu ba sa ɗaga kai daga inda ke da laima. Daga baya aka samu masu tiyo a jiki, suka miƙe tsaye har suka zama itatuwa, amma jijiyoyin ganyensu jefi-jefi ne, kamar unguwar da famfo ɗaya ke ciyar da ita. Can da nisa sai masu fure suka zo da jijiya kusa-kusa, famfo a ƙofar kowane gida, suka iya buɗe ƙofa sosai, suka ci da sauri, suka girma da sauri, suka cika duniya. Abin a hankali aka tsara shi, zuriya bayan zuriya: wanda gininsa ya dace da wurin da ya samu kansa, shi ke barin iri. Gero da dawa sun jera jijiyarsu layi-layi dab da juna, suna iya cin abinci da ƙofa a ɗan sakaye, in rana ta matsa su naɗe ganye kamar tabarma. Bagaruwa ta yanka nata ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Bado da ke kwance kan ruwa, ƙofofinsa a sama suke. Shi kuwa tattasai, mai faffaɗan ganye mara kauri, kakanninsa daga hayin teku aka kawo su, ƙasar da ta fi tamu ruwan sama.

"Ashe baƙo ne irina," na ce. "Shi ya sa muke son inuwa."

"Amma ka riƙe wannan, Baba," in ji ta. "Sunkuyon rana ba komai ba ne. Na asuba shi ne ƙishirwa. In gari ya waye ganye bai miƙe ba, ƙasa ta bushe. In aka bar shi, zaren ruwan ya tsinke, iska ta shiga tiyon."

Wannan na gane shi sarai, don na sha ganin tiyon injin ya sha iska: yana ta ihu, ko ɗigo ba ya fitowa. Ta ce bambancin kawai, na inji ana cika shi a sake; na tsiro sau da yawa ya tafi ke nan.

Kada ku ce ban bi hanyar girma ba. Na aika uwarku ta yi masa magana, ya ce ta je ta duba tukunyarta. Na roƙi wani tsoho abokinsa, suka zauna, aka tashi abokin ya koma bayansa, har yana ce mini tun da yake bai taɓa ganin an yi wa mai ƙishirwa wa'azi ba. Na kai masa ganyen mai jar jijiya. Ya juya shi, ya ce kyakkyawa ne, a kai wa masu ɗinkin hula su kwaikwaya. Ku kuma fahimce shi: mutumin da aka raba da gidansa, da gonarsa, da kaburburan iyayensa, abu ɗaya ya rage da zai iya yi da hannunsa in ya ga abin da yake so yana wahala, shi ne ya ja igiyar nan. Na san haka. Amma na ɗaga bidon, na san kuma wancan.

Ranar da abin ya faru, na rufe kanti da hantsi na tafi. Na tarar ganye ya fara sauka, shi kuma yana naɗe hannun riga. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa.

"Baa, man nan ba zai kai mu ba. In muka ci gaba da ban ruwan rana, zai ƙare tattasai na kore."

"Allah zai kawo wani."

"Allah ya riga ya kawo, Baa, shi ne wannan. Ina neman gafara, zan riƙe bujin. Da asuba in kawo shi da kaina."

Bai zaci zan yi ba. Ni ma ban zaci zan yi ba. Na ciro sifana daga aljihu, na kwance bujin, na sa a aljihun gaba inda zai riƙa ganinsa. Maƙwabtan gona suka tsaya cak da fartanya a hannu. Suruki ya taɓa kayan aikin uban matarsa a gaban jama'a. A ƙasar nan, gara a ce ka mari alƙali. Tsoho ya dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa.

"Ɗan kanti," ya ce.

Ya ɗauki bokiti ya nufi bakin ruwa. Ya ɗebo ya zuba a fangalin farko, ya koma, ya sake ɗebowa. Na tashi zan karɓa, ya kauce. Na tsaya cikin rana ina kallon tsoho yana jigila, gumi na bin gemunsa, har ƙafarsa ta gaza ya zauna a gindin bagaruwa ya juya mini baya. Ni ma na zauna a kan kunya, ban shiga inuwa ba, don na ga ban cancanta ba. A ranar na narke, na tabbata na bar rabin tumbina a Asaga. Gona kuwa ta yi laƙwas, ganye kamar tsumman da aka jiƙa. Ba zan ɓoye muku ba, a zuciyata na ce Yagana, in karatunki ƙarya ne, ni da ke sai mu koma Damagaram a ƙafa.

Da aka yi la'asar, rana ta karkata, na ga ganyen saman wani tsiro ya ɗan ɗago. Sai na kusa da shi. Kafin inuwa ta gama rufe gonar, duk sun miƙe, waɗanda bokiti ya taɓa da waɗanda bai taɓa ba, ba ka bambance su. Na waiwaya cike da murna, bakina ɗauke da magana buhu guda. Baa Kyari ya gani. Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya wuce ta gabana kamar ya wuce turke.

Daga ranar na zama mai bin hanyar Asaga bayan sallar asuba. In duba ganye, in cusa yatsa, in ƙasa ta nemi ruwa in ɗaura buji in ba ta da sanyin safiya, in ba ta nema ba in koma kanti. Tsoho yana zuwa ya yi ciyawa, ya kashe tsutsa, amma bai ƙara taɓa injin ba, bai kuma ƙara ce mini komai a kan gona ba. Shirun nan ya ci mana fangalin gefe, mai rairayi. Ni laka nake dubawa a tsakiya, ban san gefen ya fi saurin bushewa ba. Ranar da na lura ganyensa bai miƙe da safe ba, an makara. Na ba shi ruwa har ya yi iyo, bai dawo ba. Yagana ta yi kuka. Da muna magana da tsoho, da jimla ɗaya ya tsare wannan, don shi ƙasa a tafin ƙafarsa yake jin ta. Wannan ma yana cikin abin da na biya.

Sauran kuwa suka yi fure, suka ɗaura, suka yi nauyi har rassa na neman sanda. Ban ruwan ƙarshe da muka yi, sai da na kifa bidon na girgiza shi kamar mai tatsar sauro. Tattasai ya yi ja. Aka shanya shi a kan rairayi, wurin ya koma kamar an shimfiɗa wuta. Baa Kyari ya zauna a tsakiya ya zaɓi na iri ɗaya bayan ɗaya, ya fasa, ya busar, ya cika gora har wuya. Ina tsaye a gefe. Ya kira uwarku.

"Falmata, ki gaya wa mijinki iri ya tsira."

"Baa, ai ga shi nan tsaye."

"Ki gaya masa dai."

Haka muka zauna. Daga baya ƙafa ta hana shi gona, muka dawo da shi gidan nan, ɗakin da ke kusa da zaure. Ku da kuka taso kun ga ana kai masa kwanonsa daban, kuka ɗauka al'ada ce. Ba al'ada ba ce. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofarsa in jero gaisuwa, ta Hausa da ta Barbarci, in haɗa da labarin kasuwa, in saka abin dariyar da zai tada matacce. Shi kuma ya ce "Kalewa", wato lafiya, ya ja carbinsa. Kalma ɗaya. Ni da nake sayar da magana kafin in sayar da sukari, aka yanka mini rabo zuwa kalma ɗaya a rana, shekara da shekaru. Ban taɓa ba shi haƙurin cewa na yi kuskure ba, don ban yi ba, kuma shi ba mutumin da ake yi wa ƙarya don a faranta masa ba ne. Haƙurin zafin da na sa masa kuwa, na ba shi ya fi a ƙirga.

A ciwonsa na ƙarshe, lokacin zafin bayan damina ne, na dawo daga gona da hantsi, laka har gwiwa, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce kalewa. Na yunƙura zan tashi, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Sani."

Na koma na zauna daɓas, don rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta yadda yake faɗinsa.

"Ka duba su da asuba?"

"Na duba, Baa."

"Sun miƙe?"

"Sun miƙe, Baa. Har na gefen."

"To," ya ce. Ya juya fuskarsa ga bango.

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Na fito zaure na zauna, uwarku ta leƙo ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na ce mata tattasai ake dakawa a maƙwabta. Ta saurara, unguwa tsit, babu ko turmi ɗaya da ke motsi. Ta dube ni, ta koma ciki ta ɗora mini shayi.